Shekara biyu ko huɗu: hanyar da na bi daga LPN zuwa cikakkiyar nas a Niyok

Da misalin ƙarfe ukun dare, cikin watan Disambar 2020, ina zagayen ɗakuna a hawa na uku na gidan kula da tsofaffi inda nake aiki a unguwar Buronks ta birnin Niyok, sai na tarar da wata tsohuwa ba kamar yadda na saba ganin ta ba. Mace ce mai son hira, ko tsakar dare ka leƙa ɗakinta sai ta tambaye ka ko ka ci abinci. Ran nan ko ɗaga ido ba ta yi ba. Jikinta ba wani zafi can, amma numfashinta ya yi sauri, awon jininta ya yi ƙasa, fitsarin da ke cikin leda ya yi duhu yana tashi. Shekara uku ina wannan aikin, na san abin da nake kallo. Ciwon mafitsara ne ya fara bin jini, kuma tsoho ba ya daɗewa in aka bar shi da wannan.

Sai dai a wajen doka sanin nan nawa ba shi da sa hannu. A jihar Niyok mai lasisin LPN irina, wato ƙaramar nas, tana aunawa, ta rubuta abin da ta gani, ta ba da maganin da likita ya rubuta, ta wanke gyambo ta ɗaure. Amma ba ita ke yanke hukunci kan halin da mara lafiya yake ciki ba, ba ta tsara yadda za a kula da shi ita kaɗai, ba ta kuma ɗura magani kai tsaye cikin jijiya da sirinji. Wannan duk aikin RN ne, wato cikakkiyar nas. Na ɗauki waya na kira mai kula da diyutin dare. Ta hauro da gudu, yarinya ce da ba ta fi wata shida da fitowa makaranta ba, na ba ta shekara goma sha biyar cif. Ta tsaya a bakin gado ta dube ni ta ce, "Me kike gani?" Na faɗa mata. Ta rubuta abin da na faɗa, ta kira likita, ta sa hannu, aka kira motar asibiti.

Yarinyar ba ta yi mini laifin komai ba, ladabi ma ta yi da ta tambaye ni. Amma da na shiga jirgin ƙasa da asuba ina komawa gida, abin ya tsaya mini a wuya. A shekarar nan ta korona mun wanke gawa ba iyaka a gidan nan, mun yi diyuti biyu a jere ba sau ɗaya ba, kuma har yanzu sai na nemi izini kafin a yarda da abin da idona ya gani. Ga kuma maganar kuɗi, wadda ba zan yi kunyar faɗa ba. Alƙaluman ma'aikatar ƙwadago ta Amurka na watan Mayun 2023 sun nuna tsakatsakin albashin LPN dala 59,730 ne a shekara, na RN kuwa dala 86,070. Tun kafin in ga waɗannan lambobi na san tazarar, domin a ɗaki guda muke cin abinci.

Ga wanda bai san tsarin nan ba, bari in ɗan warware. Yawancinmu da muka zo daga Najeriya, Nijar da zangunan Gana mukan fara ne da aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Daga nan a yi kwas na 'yan makonni a zama mataimakiyar nas, sannan wadda Allah ya ba ta ƙarfin hali ta yi karatun kamar shekara guda ko da 'yan watanni ta zauna jarrabawar NCLEX-PN ta zama LPN. A Kalifoniya da Tekzas LVN suke cewa, aikin dai ɗaya ne. Haka na bi, na karɓi nawa lasisin a 2017. Matakin gaba shi ne RN, kuma ƙofa biyu ake shigarsa. Akwai digirin shekara biyu da ake yi a kwalejojin al'umma, wanda suke kira asoshiyet, kiredit 60 da ɗoriya (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darussa). Akwai kuma cikakken digirin jami'a na shekara huɗu, BSN, kiredit kamar 120. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne duka biyun jarrabawa ɗaya suke zama, NCLEX-RN, lasisi ɗaya ake ba su, ba a rubuta a jikinsa wace ƙofa mutum ya bi. Ya yi kama da abin da muka sani a gida, inda mai shekara uku a makarantar koyon aikin jinya da mai shekara biyar a jami'a duka suke yin rajista da majalisa ɗaya, amma a wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma kowa ya san matsayinsa.

Wadda na fara kai wa maganar wata babbar yayarmu ce 'yar zangon Kumasi, LPN ce ita ma, tare muka yi makaranta. 'Ya'yanta sun girma, mijinta yana da shago. Ko numfashi ba ta bari na ja ba.

"Ƙanwata, in za ki sha wuya ki sha ta gaba ɗaya. Wa zai ci tuwo sau biyu da miya ɗaya? Ni jami'a zan tafi kai tsaye."

Kuma ba da ka take magana ba. A watan Disambar 2017 gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu a dokar da ake kira BSN cikin shekara goma: duk wanda ya zama RN da digirin shekara biyu a jihar Niyok, dole ya kammala digirin jami'a cikin shekara goma daga ranar da ya karɓi lasisi. An ɗauke wa waɗanda suke da lasisin RN a lokacin da waɗanda suka riga suka shiga makarantar RN. Ni ban shiga cikinsu ba. Ke nan a nan jihar tambayar ba "in yi digirin jami'a ko kar in yi" ba ce. Tambayar ita ce yaushe zan yi shi, da aljihun wa, kuma ina LPN ko ina RN.

Na ɗauki kwanaki ina karance-karance a waya lokacin hutun diyuti, don in gane me ya kawo wannan matsi. Shi digirin shekara biyun wata malama ce mai suna Mildred Montag ta kawo tunaninsa a farkon shekarun 1950, lokacin da Amurka take fama da ƙarancin ma'aikatan jinya bayan yaƙin duniya na biyu. Ya karɓu ƙwarai, domin ya buɗe ƙofa ga matan aure da masu ƙaramin ƙarfi, irinmu ke nan. Sai a 2003 Linda Aiken ta Jami'ar Fensilbeniya da abokan aikinta suka fitar da wani bincike a kan asibitoci 168 na jihar, suka ce duk ƙarin kashi 10 cikin ɗari na masu digirin jami'a a cikin ma'aikatan jinyar asibiti yana tafiya da raguwar kashi 5 cikin ɗari na haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata. A 2010 kuma cibiyar nazarin kiwon lafiya ta ƙasa ta ba da shawarar a kai masu digirin jami'a kashi 80 cikin ɗari kafin 2020. Asibitocin da suke neman lambar yabo ta Magnet, wadda ake bayarwa kan ingancin aikin jinya, suka bi sahu, tun daga 2013 shugabannin sashen jinya a irin waɗannan asibitoci sai masu digirin jami'a. Da farko haushi binciken ya ba ni, na ji kamar ana cewa mu da muka koyi aiki a bakin gado mu ne masu kashe mutane. Daga baya na sauko. Maganar asibiti gaba ɗaya suke yi, ba maganar hannun mutum ɗaya ba, kuma ko na yarda ko ban yarda ba, masu ɗaukar aiki sun riga sun yarda.

To ana cikin haka sai ga ƙofa ta uku, wadda ban nema ba. A wani taron suna, muna cin waina, wata Hajiya da na sani sama-sama ta ja ni gefe.

"'Yar uwa, na ji wai makaranta za ki koma. Da 'ya'ya uku? Akwai wata a Fulorida, ba sai kin taka ƙafarki can ba. Ki biya, takardunki su zo, ki je ki zauna jarrabawa. Ai aikin kin riga kin iya."

Wallahi maganarta ta ƙarshe ta shige ni, don ita ce abin da nake faɗa wa kaina tun daren tsohuwar nan. Na karɓi lambar wayar. Kwana biyu tana cikin jakata. Da na gaya wa maigida, bai yi dogon wa'azi ba, cewa kawai ya yi, "Maman yara, abincin da za mu ci da wannan takardar fa?" Na yaga ta. A watan Janairun 2023 hukumomin tarayya suka fasa ƙwai: wasu makarantu uku a kudancin Fulorida sun sayar da takardun bogi sama da 7,600, aka kama mutane, jihohi suka shiga bin sunaye suna karɓe lasisi. Ranar da na ga labarin a talabijin ɗin ɗakin hutu, sai da na nemi kujera na zauna.

Wannan ya koya mini in riƙa bincikar makaranta kamar yadda ake binciken mai neman aure. A Niyok ma'aikatar ilimi ta jiha ce ke ba da lasisin jinya, kuma a shafinta na intanet akwai jerin makarantun da ta amince da su, da yawan ɗaliban kowace makaranta da suka ci NCLEX a zaman farko. Bayan wannan sai a duba ko ɗaya daga cikin hukumomin tantancewa, ACEN ko CCNE, ta san da zaman makarantar. CCNE digirin jami'a zuwa sama take dubawa, don haka kwalejin shekara biyu yawanci ACEN za ka gani. Wanda ya yi sakaci da wannan, ranar da ya je ci gaba da karatu za a iya ce masa ba a san kiredit ɗinsa ba.

Kuma na ɗanɗana irin wannan. Makarantar kuɗi da na yi LPN a cikinta, da awoyi take lissafi ba da kiredit ba. Da na kai takarduna ofishin ɗaukar ɗalibai na wata kwaleji, matar ta jujjuya su, ta ce lasisina zai yi mini amfani, amma darussan jikin ɗan Adam da na yi a can ba za su shiga lissafi ba. Shekara guda da rabi na karatu, da kuɗin da na tara ina goge wa tsofaffi baya, ga shi an ce in sake daga tushe. Lokacin da muke biyan kuɗin babu wanda ya yi mana ko hannunka mai sanda.

Na kuma leƙa wata jami'a mai zaman kanta da ke tallata tsarin LPN zuwa BSN kai tsaye. Ofis mai ƙamshi, aka ba ni ruwa mai sanyi, wani saurayi mai fara'a ya ce babu jira, wata mai zuwa ma zan iya farawa. Da na matsa masa ya rubuta mini jimillar kuɗin daga farko har ƙarshe, sai da ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya rubuta adadin da ya zarce duk abin da nake samu a shekara. Ya ce kar in damu, akwai bashin gwamnati. Na yi godiya na fito.

A daren nan muka zauna da maigida a teburin kicin bayan yara sun kwanta. Ya dawo daga tuƙin tasi, ko takalmi bai cire ba. Na juya bayan ambulan ɗin takardar kuɗin wuta na ja layi a tsakiya. A kwalejojin al'umma na jami'ar birni, CUNY, mazaunin gari yana biyan dala 4,800 a shekara in yana cikakken karatu, ko dala 210 kan kowane kiredit in yana ɗauka kaɗan-kaɗan. A manyan kwalejojinta masu digirin shekara huɗu, irin Lehman da ke nan Buronks, dala 6,930 a shekara, ko 305 kan kiredit. Da ka kalli wannan kaɗai sai ka ce ai bambancin bai taka kara ya karya ba, kuma gaskiya ne. Ba kuɗin makaranta ne ya raba gardamar ba. Abin da ya raba ta shi ne layin da maigida ya karɓi biro ya ƙara a ƙasa: kuɗin haya, da inshorar lafiyar gidan nan gaba ɗaya wadda ke rataye a wuyan aikina, da abin da muke aikawa Kano duk wata.

"Shekara nawa za ki iya yi kina rabin aiki?" ya tambaye ni.

Na ce, "Alhaji, ɗaya da rabi. In mun matse, biyu."

"To wace hanya ce za ta ba ki lasisin kafin biyun su ƙare?"

Shi ke nan fa. Darussan share fage ana iya yin su da yamma ko ranar Asabar, mutum yana cikakken aikinsa. Amma da zarar an shiga ainihin karatun jinya, da ranakun zuwa asibiti koyon aiki tun ƙarfe bakwai na safe, makaranta ce ke riƙe da kalandarka. A hanyar jami'a, ga darussan share fage da suka fi yawa, ga shekara biyu cikakku na jinya, kuma duk tsawon lokacin ina nan a LPN. A hanyar kwaleji, wasu suna ɗauke wa mai lasisin LPN zangon farko in ta ci jarrabawar gwaji ko ta yi wani ɗan kwas na haɗa gada, sai ya rage zango uku. In na fito RN ce, da albashin RN, sannan in biya sauran karatun jami'ar da shi.

Sai maganar bashi, wadda a wajena ba lissafi ba ce kawai. Bashin karatu na gwamnatin tarayya iri biyu ne ga mai digirin farko. Akwai wanda gwamnati ke ɗauke kuɗin ruwansa muddin kana makaranta aƙalla rabin lokaci, har da wata shida bayan ka gama. Akwai wanda ruwansa ke fara hawa tun ranar da aka fitar da kuɗin. Na san 'yan uwa masu tsoron Allah da suka karɓa bisa lalura, ban kuma isa in yi musu hukunci ba. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Na cike fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnati, na sami wani abu daga tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne, ba a mayar da shi. Mafi yawan abin da yake bayarwa a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 dala 7,395 ne, ni ban kai ga samun duka ba saboda albashinmu mu biyu. A lura, wanda yake da digirin farko, ko da daga jami'ar gida ya kawo shi, ba ya samun wannan tallafin. Ni sakandare na gama aka yi mini aure, abin da na daɗe ina jin takaicinsa, ran nan sai ga shi ya yi mini rana. Ƙungiyar ƙwadagonmu ta 1199 tana da asusun taimaka wa mambobi da kuɗin karatu, ta ɗauki wani kaso. Littattafai da kayan sawa da sauran tarkace kuwa adashinmu na mata goma sha biyu ne ya rufa asiri. Na roƙa aka sauya mini kwasa zuwa watan Janairu.

Yanzu bari in faɗi abin da masu talla ba sa faɗa. Sunan "shekara biyu" suna ne kawai. Na fara darussan share fage a Janairun 2021: ilimin sassan jiki da aikinsu kashi na ɗaya da na biyu, ilimin ƙwayoyin cuta, Turanci, ilimin halayyar ɗan Adam, da lissafi. Biyu-biyu nake ɗauka, ina aikin dare. Kuma cin darasi kawai ba ya wadatarwa, domin kujerun ajin jinya kaɗan ne, masu nema da yawa, da maki ake jera mutane. A kashi na ɗaya na sassan jiki B na samu, ina murna, ashe a wannan layin B ba abin guɗa ba ne. Ga jarrabawar shiga ta TEAS, tambaya 170 a fanni huɗu: karatu, lissafi, kimiyya da Turanci. Ni da nake lissafin ƙwayar magani kullum, sai ga ni ina kokawa da aljabara tare da babbar 'yata a teburi ɗaya, ita ce malamar. Neman farko ban samu ba. Na yi kuka a banɗakin wurin aiki, na wanke fuska, na koma na raba maganin ƙarfe shida. Na sake TEAS, na ci A a ƙwayoyin cuta, na nemi makarantu uku maimakon ɗaya. Na shiga a Janairun 2023.

Zango ukun nan ba zan ja labarinsu ba, wanda ya yi ya sani. Na koma aikin Juma'a da Asabar da Lahadi. Azumi biyu suka same ni a ciki, na 2023 da na 2024, in yi sahur in kama littafi, in yi asuba in fita asibiti. Abu ɗaya dai zan faɗa, domin shi ne ya karya mini girman kai. Na shiga da tunanin takarda kawai na zo karɓa. A jarrabawar farko ƙiris ya rage in faɗi. Malamarmu, wata dattijuwa 'yar Jamaika, ta kira ni ofis ta buɗe takardata. Kusan duk inda aka tambayi abin da nas za ta fara yi, na zaɓi "a sanar da na gaba". Ta cire tabarau ta ce, "Wa za ki sanar? Yanzu ke ce na gaban." Shekara biyar ina kiran wani, hannuna ya saba zuwa ga waya kafin kaina ya gama tunani. Hannu na da shi, na fi 'yan ajin iya saka robar fitsari da juya mara lafiya. Amma zaɓar wanda za a fara dubawa cikin mutum huɗu da kowa ke kuka, da sanin dalilin, wannan sabon karatu ne. Yarinyar nan ta daren Disamba, ashe akwai abin da take ɗauke da shi da ban gani ba.

Na gama a ƙarshen Mayun 2024. Na biya dala 200 na rajistar NCLEX-RN, ban da kuɗin lasisin jiha, na zauna a watan Yuli. Tun 1 ga Afrilun 2023 aka sauya salon jarrabawar, aka shigo da labarin mara lafiya guda da tambayoyi shida a jere a kansa, yanayinsa yana canzawa kana bi. Mafi ƙaranci tambaya 85, mafi yawa 150, cikin awa biyar, kuma kwamfuta ce ke yanke inda za ta tsaya. A bakin ƙofa aka ɗauki hoton jijiyoyin tafin hannuna, wata ma'aikaciya ta duba hijabina da ido, ta ce in wuce. Ina amsa ta 85 allon ya ɗauke. Na zauna ina kallon sa, domin tsayawa a nan ma'anarsa biyu ce: ko ka ci sarai, ko ka faɗi warwas. Bayan kwana biyu na ga sakamako a waya ina tsakiyar dama kunu. Shekara uku da rabi ke nan daga ranar da na fara karatun "shekara biyu".

Sai neman aiki, inda maganar Yaya 'yar Kumasi ta dawo mini. Burina sashen masu ciwon zuciya a wani babban asibiti a Manhatan. Na cike fom a intanet, na zo kan tambayar ko ina da BSN, na danna a'a. Kafin la'asar amsar ba haƙuri ta shigo, da alama ko mutum bai gani ba. Sau huɗu haka na faruwa a wurare dabam-dabam. Shekarun da na yi a LPN ma wasu ba su lissafa su a matsayin ƙwarewar nas ba, sabuwar fitowa suka ɗauke ni. Na zauna a tsohon wurin aikina, aka ba ni kula da diyutin dare, kujerar yarinyar nan. Bayan wata bakwai wani asibitin unguwa ya ɗauke ni a sashen kwantar da manya, bisa sharaɗin in kawo shaidar na shiga karatun digirin jami'a, su kuma za su riƙa mayar mini da wani ɓangare na kuɗin.

Yaya ta gama nata a Mayun 2025, shekara guda bayana. Ta fito da bashi, ta faɗa mini da bakinta, amma kai tsaye aka ɗauke ta a shirin horar da sababbin nas na sashen kulawa ta musamman a ɗaya daga cikin asibitocin da suka ba ni haƙuri. Na je walimarta da atamfa da turare, na yi mata murna har zuciya, kuma a hanyar dawowa na ji wani abu ya ɗan soke ni. Ba zan ɓoye ba. Ita ta sauke kayanta, ni ina da saura. Amma a shekarar da take jiran gamawa ni na karɓi albashin RN wajen wata goma, da shi muka biya wa ƙanen maigida kuɗin aiki a asibiti a Kano, kuma babu wanda yake bi na ko sisi. Da ina da irin gidanta, da hanyarta zan bi. Da tana da irin nawa, ban san me za ta yi ba, don ban taɓa tambayar ta ba.

Babbar 'yata tana ajin ƙarshe a sakandare, ta ce ita ma jinya take so. Ta kawo mini maganar kwalejin al'umma, wai ta ga ni ma ta nan na bi. Na ce mata sam. Tana ƙarƙashin inuwar ubanta, ba ta biyan haya, ba ta da goyo, kimiyyar tana nan ɗanya a kanta. Mun cike mata manyan kwalejoji masu shekara huɗu, muka sa ta al'umma guda ɗaya a ƙarshe don ko ta kwana.

Ni kuma yanzu ina zango na biyu a tsarin RN zuwa BSN, kusan duka a kwamfuta. Babu allura, babu gado. Lafiyar al'umma ne, da shugabanci, da ƙididdiga, da yadda ake karanta bincike, sai rubutu kamar ba gobe. A makon jiya aka ba mu aikin nazarin lafiyar unguwa, na zaɓi tamu, na zauna ina haɗa yawan masu ciwon asma da manyan motocin da ke bin babban titin da ya ratsa Buronks, sai na tuna ɗan autana da abin shaƙarsa a aljihun jakar makaranta. Doka ta ba ni har 2034, ni kuma ina so in sauke kafin 'yata ta shiga shekararta ta biyu, don kar a ce uwa da 'ya suna rige-rigen kwamfuta ɗaya.

Daren Lahadin da ta wuce, saura minti arba'in a rufe karɓar aiki, ƙarfe 11:59, waya ta yi ƙara. Umma ce daga Kano, ta tashi sallar dare ta ga ina kan layi.

"'Yar nan, ba ki kwanta ba?"

"Umma, aikin makaranta nake ƙarasawa."

Ta yi shiru kaɗan. "Ba ke aka yi wa walima bara ba? Ko likita za ki zama ne?"

Na ce a'a, nas ɗin ce dai. Ta ce to Allah ya yi albarka, in na gama in kira ta, ƙafarta ta dama ta sake kumbura tana so in gani a bidiyo.